"BABAN KYANWA": SUNAN DA MUKA MAYAR ABIN TSOKANA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.



Darasinmu na yau zai fara ne da laifina. Na daɗe ina juya abin a raina, na faɗa ko na yi shiru, daga baya na ga faɗin ya fi amfani, wataƙila wani ya tsira daga abin da na faɗa ciki.

ABIN DA YA FARU A MASALLACINMU

Cikin hunturun da ya wuce, lokacin da sanyin Samaru ke hana mutum taɓa ruwa da asuba, wata kyanwa ta haihu a siton masallacinmu, bayan dardumomin da muke shimfiɗawa a waje idan jama'a sun yi yawa. 'Ya'ya huɗu, ko ido ba su gama buɗewa ba. Wasu daga cikin jama'a suka fara ƙorafin wari, ladan ya same ni bayan la'asar ya gaya mini. Ina sauri zan tafi makarantar Islamiyya, ko juyowa ban yi ba na ce: "A kwashe su a kai bola." Shi ke nan. Yara suka zuba su a buhun siminti suka tafi da su. Uwar ba ta nan, ta fita neman abinci.

Dare biyu tana kewaya masallaci tana kuka. Da asuba ina karatu a sallah ina jin muryarta ta taga. Wallahi na san abin da take nema, amma na dake.

A rana ta uku bayan an sallame, sai ga wani dattijo mai faci da ke bakin titi kusa da mu, ya matso da kwali a hannunsa. Ya gaishe ni ya ce: "Allah gafarta Malam, an ce uwar waɗannan tana nan wajenku. Na tsince su a bola shekaranjiya da magariba. Huɗu ne, ɗaya sanyi ya riga ya kashe ta. Ban san wanda ya zubar da su ba, Allah dai Ya yafe masa. Ina neman izini ne in ajiye kwalin a bakin sito ko za ta zo, in haɗa su in tafi da su."

Na ce: "Baba, ni ne na sa a zubar."

Bai ce mini komai ba. Ya sunkuyar da kai ya gyara tsumman da ya lulluɓe su da shi. Wannan shirun ya fi mini kowane wa'azi zafi. Ni ne na je jami'a na karanta Larabci, ni ne nake karantar da hadisi a masallacin nan, amma wanda ya yi aiki da hadisin shi ne mutumin da hannunsa bai rabuwa da baƙin taya. Dare biyu yana tashi yana ɗiga musu madara da sirinji, yana ɗumama su da kwalbar ruwan zafi da ya naɗe a tsumma.

Wannan bawan Allah, a unguwa ba a cika kiransa da sunansa ba. "Baban Kyanwa" ake ce masa, kuma da tsokana ake faɗa. Da yamma yakan bi masu kifi a kasuwar Samaru ya karɓi kai da kayan ciki, ya dafa a gwangwani ya raba wa kyanwoyin da ke taruwa bayan rumfarsa. Da damina shi ake kira idan 'yar kyanwa ta faɗa kwalbati. Idan babur ya taka wata, shi ne zai sa ta a kwali ya kai asibitin dabbobi da kuɗin facinsa. Ba ƙungiya gare shi ba, ba wanda ke biyansa. Masu acaɓa idan sun tsaya shan iska sai su ce: "Baba, wannan ai aikin mata ne." Wasu su ce asarar kuɗi. Wasu kuma a bayan idonsa su ce ko dai akwai wata a ƙasa, don mai hankali ba ya tara baƙaƙen maguna.

To bari mu auna waɗannan maganganu da ma'aunin addini, ɗaya bayan ɗaya.

WANE NE BABAN KYANWA NA FARKO?

Duk ɗalibin da ya fara Larabci ya san hirra ita ce kyanwa, wadda wasu ke ce wa mage, wasu kuliya, a ƙasar Sakkwato mussa. Idan aka ƙanƙanta kalmar sai ta koma huraira, wato 'yar ƙaramar kyanwa. Ke nan Abu Huraira, idan ka mayar da shi Hausa kai tsaye, "Baban 'Yar Kyanwa" ne.

Sunansa da ya fi shahara a wajen malamai Abdurrahman ɗan Sakhr, daga ƙabilar Daus. Ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, shekarar Khaibara, ya rasu tsakanin shekara ta 57 da ta 59. Shi ne sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, malamai sun ƙirga masa 5,374. Tirmizi ya kawo cewa an tambaye shi dalilin alkunyarsa, sai ya ba da labarin cewa yana kiwon tumakin gidansu yana da wata 'yar kyanwa, da dare ya ɗora ta a kan bishiya, da rana ya tafi da ita yana wasa da ita, daga nan sunan ya bi shi. A cikin Bukhari kuma akwai inda Annabi (SAW) da bakinsa ya kira shi da Aba Hirr.

Ka duba fa. Sunan da muke ambata a kan mumbari kowace Juma'a muna cewa Allah Ya ƙara masa yarda, shi ne muka juya da Hausa muna tsokanar dattijo a bakin titi.

WAI AIKIN MATA NE

Da farko, ko da aikin mata ne, tausayi bai zama aibi don mata sun fi mu shi ba. Amma bari mu ga mazan da suka yi.

Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179, ya kawo a Muwaɗɗa labarin Kabsha 'yar Ka'ab bin Malik, matar ɗan Abu Ƙatada. Surukinta ya shigo ta zuba masa ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha. Shi da kansa ya karkata mata ƙwaryar ya jira har ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha tana kallonsa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi (SAW) ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu a cikin gida. Wane ne Abu Ƙatada? Barde ne, ana yi masa laƙabi da mahayin dokin Manzon Allah. A hadisin Salama bin Akwa'i da ke cikin Muslim, Annabi (SAW) ya ayyana shi a matsayin wanda ya fi kowa cikin mahaya a ranar Zu Ƙarad. Wannan jarumin ne ya tsayar da alwalarsa saboda kyanwa ta sha ruwa.

Sarkin Masar Zahir Baibars yana cikin kwamandojin da suka karya rundunar Mongol a Ainu Jalut a 1260, kuma ya yi mulki daga wannan shekara zuwa 1277. Cikin wakafin da ya bari akwai wani lambu a Alƙahira da ya ware domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Har ƙarni na 19 al'adar ba ta mutu ba, ana kawo musu nama da la'asar a harabar kotun babban alƙalin birnin. Wa zai kalli Baibars ya ce masa rago?

A zamaninmu akwai Muhammad Ala'u al-Jalil na birnin Halab a Siriya. Da yaƙi ya ɓarke mutane suka gudu suka bar dabbobinsu, shi ya zauna yana tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni, yana zaƙulo mutane daga ƙarƙashin gini, sannan yana ciyar da kyanwoyi sama da ɗari. A ƙarshen 2016 bam ya rusa wajen da yake tara su, ya fita bayan gari ya sake kafa wani. A Masallacin Ƙudus an yi Alhaji Gassan Yunus, wanda ya shafe shekaru yana zuwa da abincin kyanwoyi da tsuntsaye har ake ce masa Abu Hurairan masallacin, ya rasu a farkon 2021. A Istanbul limamin masallacin Aziz Mahmud Hudayi, Mustafa Efe, ya shahara a 2016 saboda buɗe wa kyanwoyi ƙofa lokacin sanyi. Da yawanku kuma kun ga bidiyon Shaikh Walid Mihsas na Aljeriya a Ramadan ɗin 2023, da kyanwa ta haye kafaɗarsa yana tarawihi, bai ture ta ba, bai yanke karatu ba. Mu da kanmu muka yi ta tura bidiyon muna Masha Allah, amma da ta haihu a sitonmu sai muka ce bola.

Lokacin da Aƙra'u bin Habis ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, ya yi taƙama cewa 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, yana ganin mazantaka ke nan. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jinƙai ba za a ji ƙansa ba. Taurin zuciya cuta ce, ko da mutanen gari sun sa mata rawani.

HADISIN DA YA HANA NI BARCI

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an azabtar da wata mace a wuta saboda kyanwa. Ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci da ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa da kanta ba. A hadisin sallar kusufin rana ma, an nuna wa Annabi (SAW) ita a cikin wuta kyanwar tana yakushinta.

Ku lura, ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta yanka ta ba. Hanya kawai ta toshe mata. To ni da na raba jarirai da nonon uwarsu cikin hunturu, mene ne bambancina da ita? Abu Dawud ya kawo daga Ibnu Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ba da umarni a mayar mata da su nan take. Na karantar da wannan hadisi ba sau ɗaya ba. Da nawa ya zo sai na manta.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Akwai mace mazinaciya daga Banu Isra'ila da ta yi irin wannan, ita ma aka gafarta mata. Sahabbai suka yi mamaki wai har a dabbobi akwai lada, aka tabbatar musu akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai. A Suratul An'am aya ta 38 Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu.

Saboda haka maganar kyanwa ba ƙaramar magana ba ce. An shiga wuta ta dalilinta. Kuma hikimar a fili take: ita ba ta da dangin da za su kai ƙara, ba ta da bakin da za ta tona maka asiri. Abin da ka yi mata, kai da Allah ne kawai.

"MUTANE NA YUNWA KANA CIYAR DA MAGE?"

Wannan tambaya tana da nauyi, musamman a halin tsadar da muke ciki, kuma ba zan yi mata amsar raini ba. Ciyar da iyali wajibi ne, haƙƙin maƙwabci mai yunwa yana gaba da na dabba. Wanda zai sayi abincin gwangwani mai tsada domin kyanwa alhali matarsa ba ta ɗora tukunya ba, ya juya lamari, kuma yana da laifi.

Amma ku dubi abin da Baba mai faci yake ba su: kan kifi, kayan ciki, ragowar tuwo da romo, abin da in ba domin shi ba bola za shi. Bakin wa aka cire wa loma? Kuma abin da na gani da idona shi ne, mutumin nan shi ne ke yi wa almajirai facin keke kyauta. Rahama ba kamar garin kwaki ba ce da idan ka ɗiba wa wani na wani zai ragu. Wanda ya saba jin kukan 'yar kyanwa a kwalbati, kunnensa ya fi saurin jin kukan maraya. Yaron da aka bari yana ɗaure mage da igiya yana jifa ana dariya, kada a yi mamaki idan ya girma hawayen matarsa bai dame shi ba.

Ibnu Khallikan ya kawo labarin malamin nahawu na Masar, Ibnu Babshaz, wanda ya rasu a shekara ta 469. Yana cin abinci da abokansa a saman masallaci, kyanwa ta zo suka jefa mata loma, ta ɗauka ta tafi, ta dawo, suka sake jefa mata, haka dai har abin ya ba su mamaki. Da suka bi ta sai suka tarar tana kai wa wata makauniyar kyanwa ce a wani kango. Malamin ya ɗauki darasin tawakkali daga nan: Wanda bai manta da makauniyar kyanwa ba, ba zai manta da shi ba. Ka sani ko kai ne sababin da Allah Ya tanada wa wadda ke bayan katangarka?

BAƘAR KYANWA DA KUKAN DARE

Gaskiya ne wasu malamai sun ambaci cewa aljani yana iya shiga siffar dabba. Amma daga nan zuwa cewa kowace baƙar mage mayya ce a kashe ta, akwai tafiya mai nisa, kuma zato ba ya halatta ɗaukar rai. A cikin Muslim, hatta macizan da ake gani a gidajen Madina an yi umarni a yi musu gargaɗi na kwana uku kafin a kashe. Idan maciji ya samu wannan, ina ga kyanwar da shari'a ta lissafa cikin masu kai-kawo a gida?

Kukan nan na tsakar dare mai kama da na jariri, wanda ke sa mata rufe taga ana a'uziyya, yawanci na lokacin barbara ne, mace tana kiran muzuru ko muzurai suna faɗa a kanta. Mai tsoron shaiɗan ya riƙe Ayatul Kursiyyu da azkar na safe da yamma. Kuma jifan Musulmi da maita saboda yana ciyar da dabba ƙazafi ne, za a tsaya da shi gaban Allah.

ABIN DA BAI INGANTA BA

Kada son abu ya sa mu yi wa Annabi (SAW) ƙarya. Maganar da ake yawo da ita a Facebook da WhatsApp cewa son kyanwa yana daga cikin imani, malamai irin su Sagani da Mulla Ali al-Ƙari sun bayyana ƙirƙirarriya ce. Haka labarin wai yana da kyanwa mai suna Mu'izza har ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta, ba shi da tushe a littattafan hadisi. Irin wannan labari na yanke hannun riga Zahabi ya kawo shi ne a tarihin Shaikh Ahmad ar-Rifa'i, wanda ya rasu a shekara ta 578. Ingantattun da muka kawo a sama sun wadatar.

HUKUNCE-HUKUNCE A TAƘAICE

1. Jikinta da yawunta da ragowar ruwan da ta sha masu tsarki ne a wajen mafi yawan malamai, a mazhabarmu ta Malikiyya ma duk mai rai mai tsarki ne. Imamu Abu Hanifa yana ganin karhanci a ragowar ruwanta.

2. Fitsarinta da kashinta najasa ne, a wanke wurin da suka taɓa. Ke nan masu ƙorafin wari a masallacinmu suna da gaskiyarsu. Kuskurena shi ne hanyar da na bi. Da an matsar da uwa da 'ya'yanta tare zuwa wani lungu, da kowa ya huta.

3. Kiwonta halal ne da sharaɗin ci da sha, ko a bar mata hanyar fita ta nema.

4. Sayar da ita akwai saɓani. Hadisin Jabir a cikin Muslim ya tsawatar a kan kuɗinta. Mafi yawan malamai sun halatta, suka ɗauki hanin a matsayin na karhanci, Ibnu Hazm da Ibnul Ƙayyim kuma suka tafi a kan haramci. Abin da ya fi kuɓuta shi ne a bayar kyauta.

5. Idan tana ɓarna, kamar muzurun da ya addabi 'yan tsaki, a fara da tsare kaji da kora da mayar da shi nesa. Ƙarafi ya kawo fatawar Izzuddin bin Abdussalam, wanda ya rasu a shekara ta 660, cewa ba a kashe kyanwa sai cutarwarta ta wuce irin wadda aka saba gani ga kyanwoyi kuma ta maimaitu. Satar kifi ɗaya da ka bari a buɗe ba hujja ba ce. Ko a inda aka halatta, babu izinin ƙonawa, ko watsa ruwan zafi, ko jefawa rijiya a buhu.

6. Yi musu aikin hana haihuwa a hannun likita idan sun yi yawa, malamai sun yi saɓani, amma da dama cikin na zamani, har da Shaikh Ibnu Usaimin, sun halatta idan akwai buƙata kuma aikin ba zai cutar da su ba.

IDAN KANA SON TAIMAKO, KA YI SHI DA ILIMI

Niyya mai kyau ba ta hana kashe dabba da jahilci. Mu a Samaru ba mu da uzuri, Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 tana nan a tsakiyarmu, da Tsangayar Likitancin Dabbobi da asibitin koyarwarta. Daga Hayin Dogo, ko Zangon Shanu, ko Palladan, ko Sabon Gari, kuɗin mota kaɗan ne.

Idan ka ga jarirai a lungu, kada ka yi saurin ɗauka. Sau da yawa uwar ta fita farauta ne. Ka ja baya ka duba bayan wasu awanni, sai dai idan suna cikin ruwa ko hatsari.

Idan ka tabbatar ba uwa, ɗumi ne farko kafin abinci, domin jaririn kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa. Ana ba su madara kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu zuwa uku, suna kife a kan cikinsu. Madarar shanu tana sa su zawo, ka nemi shawarar likitan dabbobi a kan wadda ta dace. Bayan sun sha a shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi, don ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai uwa ta lashe su. Wajen sati huɗu suke fara lasar abinci, kuma bai kamata a raba su da uwa kafin sati takwas ba.

Kada ka kuskura ka ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Maganin ɓera da fiya-fiya su ma suna kashe ta, ko ta lasa ko ta ci ɓeran da ya ci guba.

A yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare daga wata uku. Yawanci ta hanyar kare mutane ke kamuwa, amma kyanwa ma tana ɗauka, kuma idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum da wuya a tsira. Wanda kyanwar da ba a sani ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Ba kowace ce kyanwar Lami ba, wadda ta ji ciwo tana cizon mai ceton ta, don haka a rufe ta da tawul ko buhu kafin a ɗauka.

A ajiye mata roba da yashi don bayan gida, a riƙa zubarwa kullum a wanke hannu. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki, akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya cutar da ɗan tayi. Maigida, wannan naka ne.

Amfaninta kuwa, tambayi masu shagon hatsi a kasuwar Sabon Gari. Inda take ɓera ba ya sakewa, kuma mun san ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Amma ita taimako ce kawai, rufe abinci da tsaftar gida suna nan a kanmu.

GA ƊALIBAI MUSAMMAN

Ƙannena ɗalibai da ke haya a Samaru, wannan naku ne. Kiwon kyanwa mai dogon gashi ya zama yayi, ana saye da tsada ana ɗaukar hoto. Idan hutu ya zo sai a kulle ɗaki a bar mata kwano ɗaya na ruwa, wai sati biyu ne. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, wata takwas. Wanda ya tafi da niyyar sati biyu, yaushe ya dawo? Wannan ita ce surar hadisin matar nan, ba ragi ba ƙari. Ko ka tafi da ita, ko ka damƙa ta a hannun amintacce. Idan ba za ka iya ba, tun farko kada ka ɗauka.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ban ce kowa sai ya yi kiwon kyanwa ba. Wani yana ƙyamarta, wani gashinta na tayar masa da asma, babu laifi a kansa. Abin da ya zama dole a kan kowa shi ne kame hannu daga cutarwa. Ka hana yaranka jifa. Lokacin zafi ka ajiye tsohon kwano da ruwa a bayan gida. Kafin ka tayar da mota da sanyin safiya ka ɗan bubbuga gabanta, suna shiga wajen inji neman ɗumi. Idan kuma a unguwarku akwai mai irin halin Baba mai faci, ka daina yi masa dariya. In kana da hali ka biya masa kuɗin allura ɗaya.

Uwar ta dawo a ranar, kafin hantsi. Ta shiga kwalin ta kwanta, ukun suka kama nono. Na roƙi Baba ya bar su a wajenmu, muka gyara musu wani lungu a bayan wurin alwala, nesa da dardumomi, ni da ladan muke karɓa-karɓa wajen abinci. Biyu daga ciki yanzu suna gidajen mutanen masallaci, ɗaya tana gidana. Ta huɗun kuwa ina nan ina istigfari a kanta, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya yafe mana abin da muka zalunta cikin bayinSa masu magana da marasa magana. Allah Ya saka wa wannan dattijo da alheri, Ya haɗa shi da mai sunansa na asali a Aljanna. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne da shaiɗan.

Wallahu a'alam.